Yatsu Uku na Audugar Rimi

Ina shekarata ta biyu da fara koyarwa a firamaren garinmu, Birnin Gwari, hedimastanmu ya rubuta wasan kwaikwayo. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, kuma a lokacin kowace makaranta tana son ta nuna wa iyaye wani abu ranar da za a rufe ta a ƙarshen shekara. Ni kaɗai ce mace a cikin malaman. Da safe ina koyar da 'yan aji biyu, bayan tara kuma in koya wa 'yan mata ɗinki. Don haka duk abin da ya shafi allura da zare ba a ma tambayata, kaina yake faɗowa.

Wasan gajere ne. Wani manomi ya kai ƙarar bika gaban alƙali, wai ya cinye masa masara. Bika shi ne gwaggon birin nan mai doguwar fuska irin ta kare, wanda ya cika dajinmu a wancan zamani. Manoman Gayam da Tabanni sun san shi sarai, don a kan duwatsu yake zama yana gadin gonar mutum har ta nuna, sannan ya sauko da iyalinsa. A cikin wasan, bika zai kare kansa, ya ce shi ma gidansa aka sare aka yi gonar. Malamai biyu za su fito a manomi da alƙali. Wanda zai fito a bika ne aka rasa. Hedimasta ya gwada duk sauran malaman, kowa ya tsaya ƙiƙam kamar mai jiran mota.

Wata rana bayan an tashi ya tsayar da ni a bakin ofis.

"Malama, na ji an ce yayanki ba wanda ya kai shi kwaikwayon dabbobin daji."

Na ce, "Da can ne, ranka ya daɗe."

"To, ki roƙa mana shi."

Na ce zan gwada. Ban gaya masa cewa na riga na san amsar ba.

Yayana ya girme ni da shekara tara. Tun yana saurayi ya shiga aikin yankan katako a dajin da ke bayan Gayam, inda ake sarar maɗaci da kawo, mutum biyu su yi ta jan zarto, ɗaya a sama ɗaya a rami. Idan ya dawo gida hutu, tsakar gidanmu cika yake yi da maƙwabta, don zai kwaikwayi tafiyar gwanki, da yadda mugun dawa ke gudu da wutsiya a sama, da yadda bika ke soshe-soshe yana hararar mutane. Har Inna, mahaifiyarmu, wadda ba ta ko kiran sunansa don shi ne ɗanta na fari, sai ta juya baya tana dariya a ɓoye.

Shekara biyu kafin wannan wasa, gungume ya kuɓuce wa masu ɗora shi a mota, ya murgino ya danne masa hannun dama a kan dutse. Aka kai shi asibiti a Kaduna. Ya dawo da babban yatsa da manuni, sauran ukun babu. Daga nan Yaya ya zama wani mutum daban. Ya sa aka ɗinka masa riguna masu dogon hannu. Idan an miƙa masa hannu a gaisa, sai ya dafa ƙirji da na hagu ya sunkuyar da kai. Abinci a ɗaki yake ci, da cokali, ƙofa a saye. Gonar da Baba ya bar mana kuwa wani ɗan'uwan Inna ke noma ta. Ni da muke gida ɗaya da shi, sau ɗaya na taɓa ganin hannun, shi ma a naɗe da bandeji.

Na gaya masa saƙon hedimasta yana zaune a gindin mangwaron gidanmu. Ya ce, "Auta, ki ce masa na gode." Shi ke nan.

Ko da wa zai fito a bika, dole dai a ɗinka kayan, sai na fara aiki. Na wanke buhunan algarara biyu, na jiƙa su a ruwan toka da laka har suka yi launin ƙasa-ƙasa, na yanka riga da wando a haɗe. Fuska na yi ta da ƙwarya da wani ɗan ƙoƙo mai tsawo a wurin hanci. Hannuwa ne suka gagare ni. Na ɗinka na yadi sau biyu, duka suka fito kamar jakar kuɗin tsofaffi.

Ranar kasuwa na je neman zare, sai na bi ta rumfar wani mai gwanjo da ke zuwa daga Kaduna. Ya kwance sabuwar dila, mata sun rufu a kan rigunan sanyi na yara. Can gefe, cikin tarkacen da ba mai so, na hango safar hannu guda biyu an ɗaure su da zare. Tafinsu fata ce baƙa mai taushi, ta sha jiki har ta yi sheƙi, bayansu kuma saƙa ce mai huji-huji kamar komar kamun kifi. A wuyan hannun akwai ɗan maɗauri da maɓalli. Amma yatsun duk guntaye ne, kowanne ya tsaya a gaɓar farko, bakinsa a buɗe.

Na ce, "Malam, wannan ɓera ne ya cinye yatsun?"

Ya yi dariya. "Haka aka yi su, Malama. Na masu motsa jiki ne. Can ƙasar Turawa akwai masu shiga ɗaki su yi ta ɗaga ƙarfe suna ajiyewa. Wannan suke sawa don kada hannu ya yi kanta."

"Su kai ƙarfen ina?"

"Ba ko'ina. Su ɗaga, su ajiye, su tafi gida."

Wata Bafulatana mai tallar nono da ta tsaya kusa da mu ta ce a aiko mata da masu ɗaga ƙarfen su ɗaukar mata ƙwarya. Muka yi dariya, na sayi safar na taho.

Da na isa gida na baje su a kan tabarma ina juya su. Aikin ya fito mini sarai: tafin ya riga ya yi kama da na biri, baƙi mai layi-layi. Abin da ya rage in ƙara tsawon yatsu, in rufe bayan da gashi. Ina cikin wannan Yaya ya fito zai yi alwala. Ya tsaya a kaina, buta a hannun hagu.

"Mene ne wannan?"

Na gaya masa abin da mai gwanjo ya ce. Ya sa ƙafa ya juya ta daman, ya daɗe yana kallon guntayen yatsun nan. Ban san abin da ya gani ba, ban kuma tambaya ba. Sai ya ce, "Wa zai sa?"

"Har yanzu ba a samu ba."

"Hannun bika ba haka yake ba. Babban yatsansa gajere ne. In kika yi shi dogo, duk manomin da ya zo kallo zai yi miki dariya."

Ya wuce. Washegari ya sake tsayawa, ya ce gashin bayan hannu ba baƙi ba ne, toka-toka ne. Rana ta uku ya ga ƙwaryar fuska ya ce idanun sun yi nisa da juna. Rana ta huɗu da na dawo daga makaranta, Inna ta tare ni a madafa, ta yi ƙasa da murya.

"Ɗan'uwanki ya sa ƙwaryar nan ɗazu. Ya ɗauka na fita."

"Ya ce wani abu?"

"Ni zai gaya wa? Ke dai ki yi wa safar nan yatsu biyar cif, kamar na kowa."

Na fahimci abin da take nufi. Da la'asar na same shi na ce, "Yaya, idan ka sa safar nan, ba wanda zai ga komai. Zan cika yatsun da audugar rimi." Ya sunkuya ya kalli hannun rigarsa. Can ya ce, "Ki ɗinka mu gani."

Keken ɗinkina na hannu ne, ban fi wata shida da sayensa ba. Allura biyu na karya a kan fatar nan kafin na haƙura na tafi wurin wani baduku a bakin kasuwa, dattijo mai ɗinka takalma da kube. Ya ba ni aron basilla, ya nuna mini yadda zan fara huda fatar kafin in zura zare, da yadda ake goga wa zaren kakin zuma don kada ya tsinke. Shi ya ba ni ragowar baƙar fatar akuya ta yin yatsu, da wani yanki na buzu mai gashi toka-toka.

Sai maganar awo. Ba a ɗinka yatsa da ka. Na zo da takarda da fensir na zauna a gabansa. Ya ɗora hannun hagu, na zagaye shi da fensir. Na juya takardar na jira. Inna tana tankaɗe a can gefe, sai na ji ta ɗauki rariyarta ta shige ɗaki.

Ya naɗe hannun riga a hankali ya ɗora na dama.

Ba abin tsoro ba ne. Abin da ya fara zuwar mini ke nan, har na ji haushin shekara biyun da muka yi muna kauda kai. Wurin ya warke sumul, fatar ta ɗan yi haske, da alamar ɗinki kamar an ja layi da alli. Yatsa na tsakiya ya bar ɗan guntu, sauran biyun babu ko alama. Tafin ya yi laushi kamar na jariri saboda rashin aiki. Na riƙe wuyan hannun don kada ya motsa. Na zagaye babban yatsa, na zagaye manuni, daga nan fensir ya gangaro kai tsaye zuwa wuyan hannu.

Ya kalli zanen ya ce, "Kamar bakin kada."

Na ce, "Kamar almakashina dai."

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Rabon da in ji ko irin wannan daga bakinsa har na manta.

Kwana biyar na yi a kan safar. Na farke bakin kowane guntun yatsa, na yanka fatar akuya na naɗe ta kamar mazurari, na haɗa. Babban yatsa na bar shi gajere yadda ya ce. Farce na yi da ɓawon ƙwarya da na ƙona gefensa ya yi baƙi. Buzun na yanka shi daidai bayan hannu na ɗinke a kan saƙar, na bar gashin ya zubo har kan yatsu. Maɓallin wuyan hannu na cire shi don yana ƙyalli, na sa igiyar fata. A ta dama kuma na cusa audugar rimi a yatsu uku, na danna da tsinke har suka yi tauri, na toshe gindinsu da ƙyalle. Da na ajiye su gefe da gefe a kan tabarma, ni kaina ba na iya cewa ga mai yatsun ƙarya. Na ji daɗin aikina ƙwarai.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya gwada kayan duka a tsakar gida, mun sa sakata a ƙofar zaure. Da ya durƙusa ya dafa ƙasa, ya ɗaga gira ta cikin ƙwarya ya waiga, wallahi sai da kajin Inna suka watse. Ya yi taku uku, ya zauna a kan turmi ya fara soshe-soshe. Na ajiye masa masara guda a ƙasa. Ya kai hannun dama ya ɗauka. Yatsu biyu suka kama, ukun nan suka tsaya a miƙe, sanƙarau, suna nuna sama kamar ba su san abin da 'yan'uwansu ke yi ba. Ya sake gwadawa. Da ya dafa ƙasa sai suka lanƙwashe ta baya.

Ya cire ƙwaryar ya zauna yana kallon hannun.

Na ce, "Zan rage audugar. Ko in sa waya a ciki in lanƙwasa su."

Ya girgiza kai. Can ya ce, "Akwai wani tsohon bika a inda muke yanka. Kullum in mun tafi cin abinci sai ya sauko ya zauna a kan gungumen da muka bari. Hannunsa ɗaya tarko ya taɓa kama shi, yatsu biyu suka rage masa. Da su yake ɓare gyaɗa, da su yake marin yaransa. Mukan yi masa dariya, muna ce masa mai unguwa." Ya juya hannun. "Tun da na dawo daga Kaduna nake tuna shi."

Sai ya miƙo mini hannun, yatsun audugar nan uku a tsaye.

"Cire su, Auta."

"Yaya, kwana biyar na yi..."

"Na sani. Cire su. Wannan bikan zan yi, shi na fi sani."

Inna ta fito daga ɗaki, ba ta kalle shi ba, ni ta kalla. "Ki gaya masa mutane za su taru. Har daga ƙauyuka."

Ya ce, "Ki gaya mata na sani."

Haka suke magana, ta bakina, ko suna tsaye wuri ɗaya. Na ɗauko reza na farke ɗinkin da na fi alfahari da shi a duk aikin. Audugar ta fito ta bi iska. Na ninke fatar na rufe wurin, na bi shi da ɗinki ƙanana. Ina yi ina jin haushi, kuma na kasa gane ko haushin aikina nake ji ko tsoron abin da za a ce.

An yi wasan da hantsi a filin makaranta, a ƙarƙashin itatuwan ɗorawa. An gama girbi, don haka mutane sun zo da yawa, Musulmi da Kirista, har da Fulanin da suka sauka a bayan gari. Bika ya fito daga bayan aji da gudu, mata suka yi ihu suka ja da baya. Ya hau teburin alƙali, ya ɗauki hularsa ya shinshina. Da aka ce ya yi rantsuwa sai ya juya wa kotu baya. Mutane har da masu riƙe ciki.

Da aka zo wurin kare kai, sai ya bar abin da hedimasta ya rubuta. Ya ɗaga hannun dama sama, ya juya shi kowa ya gani, ya ce da muryar bika, "Allah ya gafarta malam, ka tambayi mai ƙara ina sauran yatsuna. A gonarsa na bar su. Masara nawa ce kuɗin yatsa uku?" Malamin da ya fito a manomi ya waiwayi hedimasta, don babu wannan a takardarsa. 'Yan ƙauye suka fashe da dariya. 'Yan gari, waɗanda suka san ko wane ne a cikin buhun, dariyarsu ta zo a makare, wasu ma ba su yi ba. Ina tsaye a bayan allo ina kallon fuskokin nan iri biyu. Alƙali ya yi ta maza ya yanke hukunci a raba masarar biyu, aka tafa.

Bayan an watse, wani dattijo manomi daga Tabanni ya zo inda nake naɗe kaya, Yaya na zaune ya cire ƙwarya yana shan ruwa. Ya gaishe mu da Hausarsa mai gardin Gwaranci, ya ce, "Malama, an ce ke kika ɗinka. Duk na gane dabarar, ban da ɗaya. Ina kika ɓoye masa yatsun?"

Kafin in amsa, Yaya ya ajiye moɗa, ya kwance igiyar da haƙori, ya zare safar ya miƙa masa hannun.

Dattijon ya kalla. Ya ce, "Ashsha. Zarto?"

"Gungume."

"Sannu." Ya kama hannun da nasa biyu ya riƙe, ya ce ƙanensa ma haka ya rasa ƙafa a dajin Gwaska. Suka shiga hirar itatuwa, da wane dutse ne bika suka fi yawa, ni na ci gaba da naɗe buhu.

Ba zan ce daga ranar komai ya sauya ba. Yaya bai sake fitowa a wasa ba, ko da hedimasta ya roƙe shi shekarar da ta biyo. Na taɓa tambayarsa ko dariyar da aka yi ta yi masa daɗi, ya ce, "Wata ta yi, wata ba ta yi ba." Ban ƙara tambaya ba. Har yau ina tunanin waɗanda suka yi shiru a filin nan. Da ina ganin tausayinsa suka ji, na gode musu a raina. Yanzu da na tsufa ina zaton shirun nasu ya fi dariyar yi masa nauyi, amma wannan zato ne kawai.

Da bazara ta gabato ya kawo mini safar dama ya ce in cire gashin da faratan. Ya ce ya lura ranar wasa cewa in fatar tana tafinsa, abu ba ya zame masa. Na cire, na ƙara wani madauki na fata daga gefen da babu yatsu, wanda zai zagaya ƙotar fartanya ya dawo wuyan hannu. Sau uku muna sake wurin madaukin kafin ya zauna. Da ruwa ya sauka ya karɓi rabin gonar Baba daga hannun kawunmu. Kunyar da ya fara tayarwa a gonar a karkace take, kuma da yamma sai na gasa masa hannun da ruwan zafi saboda kumburi. Ya dai noma ta.

Safar Bature damina ɗaya ta yi ta yage. Mai gwanjo bai sake kawo irinta ba, ko da yake Yaya ya sa na tambaye shi sau da yawa. Sai na farke tsohuwar na shimfiɗa ta a kan takardar buhun siminti na fitar da fasalinta, badukun nan ya ba ni fatar saniya mai kauri, na ɗinka sabuwa. Kowace bazara nakan yi masa guda. Da aka yi mini canjin wurin aiki zuwa Zariya, ya riga ya yi aure, sai na zauna da matarsa kwana biyu na koya mata huda fata da goga kaki, na bar mata takardar da basilla. Ta fi ni iya ɗinkin madaukin, nata ba ya saki ko an kai kaka.